Kafin a Sauke Injin Motar Ƙungiya

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyi da yawa na ikilisiyoyinmu suna da tsohuwar mota guda ɗaya, a-kori-kura, yawanci Peugeot 404 ko 504, wadda kowa yake kira Fijo. Ita take kwaso taki daga gari a farkon damina. Ita take kai masara da dankali da tumatir kasuwa da kaka. Ita ce kuma take ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. Ranar da ta fara tari a hanya, ko ta kasa hawa tudun da ta saba hawa, sai hankalin kowa ya tashi. A wurin taro wani ya ce kafireta ce, wani ya ce injin ya ƙare, a sauke shi. Kafin a yi addu'ar tashi an riga an yanka wa kowane gida kuɗin da zai kawo.

Muna roƙonku ku dakata tukuna. Sauke inji aiki ne mai tsada, yana iya cinye ribar da ƙungiya ta tara a shekara. Sau da yawa kuwa ciwon ba ya cikin injin. Yana wani ƙaramin abu ne a bayansa, wanda kuɗinsa bai kai na buhun taki ba. Kuɗin nan na gwauraye ne da tsofaffi da matasa waɗanda suka zuba gumi, an ba shugabanni amana. Ya kamata a san ciwon kafin a sayi magani.

Waɗannan motoci sun tsufa, gaskiya ne. An fara yin 404 a Faransa a 1960, 504 kuwa a 1968. Kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 ta ci gaba da fitowa daga can har bayan shekarar 2000. Amma tsufan nan yana da amfaninsa. Ba kwamfuta a cikin injinsu. Mutum mai haƙuri, da sufana da sukudireba da ido da kunne, yana iya gano yawancin abin da yake damunsu a ƙarƙashin itace a filin majami'a.

Ku fara duba ko injin ne ma

Idan direba ya ce mota ba ta da ƙarfi, ku tambaye shi buhu nawa ya ɗora mata. An yi a-kori-kurar nan domin ɗaukar kimanin tan ɗaya, wato buhu goma na masara. Idan an loda mata ashirin, mutane biyar kuma suka hau bisa kaya, ba laifin inji ba ne. Ku duba iskar taya. Bayan tafiya ku kai hannu kusa da kowace ƙafa. Idan ɗaya ta fi sauran zafi ƙwarai, birkinta yana kamawa, motar tana tafiya ne kamar jakin da aka ɗaure wa ƙafa. Idan kuma injin yana kuka da ƙarfi sa'ad da aka taka totur a kan tudu amma gudu ba ya ƙaruwa, kuloci ne yake zamewa. Ku leƙa salansa ma, gama dutse yakan matse bututunta a hanyar ƙauye, hayaƙi ya rasa mafita, ƙarfi ya ragu.

Ga wata magana domin 'yan'uwanmu na kan duwatsu. Iska tana raguwa yayin da ake hawa sama. Injin irin wannan yakan rasa kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a kowace mita 1,000. Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, Mambila ta fi haka. Motar da ta taso da kaya daga Lafiya ko Akwanga dole ta yi sanyi sa'ad da ta hau Filato. Wannan ba ciwo ba ne.

Iska

Inji yana bukatar abu huɗu: iska, wuta, mai, da matsi a cikin silinda. Muna ba da shawara a bi su bi da bi haka, domin mai sauƙi da araha ya zo farko.

Mutane ba su cika tunawa da iska ba, alhali inji ya fi shan iska nesa ba kusa ba. Kafin ya ƙone lita ɗaya ta fetur sai ya zuƙi iska wajen lita 9,000, wato cikin duro 45. Ku tuna da wannan a watan hunturu, sa'ad da motar take bin bayan tirela a hanyar burji. Dukan ƙurar nan a matatar iska take tsayawa. Idan matatar ta toshe, fetur ya fi iska yawa, sai baƙin hayaƙi, da shan mai, da kasala. Matatar takarda a bubbuga ta a hankali, a ɗaga ta a rana. Idan haske ba ya ratsa ta, a sake wata. Waɗansu motocin suna da matata mai kwanon baƙin mai a ƙasa. Ita a zubar da man da laka, a wanke da kananzir, a zuba sabo daidai layin da aka zana, kada a wuce. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne cire matatar gaba ɗaya wai domin mota ta sha iska. Za ta yi ƙarfi na 'yan makonni. Bayan haka ƙura ta goge ringi da silinda kamar yashi a gindin tukunya, sa'an nan sauke injin ya zama dole.

Wuta

A nan za mu daɗe, gama a nan yawancin ciwon yake. Mutane suna barin jaki suna dukan taiki: kafireta tana a fili, tana da sukurori masu daɗin juyawa, sai kowa ya kai mata hannu. Amma tari, da fizga, da harbi ta salansa, da wuyar tashi da safe, duk alamu ne da wuta marar ƙarfi takan kawo.

Ku fara da fulogi, gama su ne masu ba da shaida a kan abin da yake faruwa a ciki. Ku bar injin ya huce. Kan injin Fijo na alminiyom ne, ƙarfe mai taushi, haƙoransa sukan lalace idan an kwance fulogi da zafi ko an tilasta shi a karkace. Fulogin suna zaune ne can cikin rami mai zurfi, inda ruwa da baƙin mai sukan taru, saboda haka a share ramin kafin a cire. A sa wa kowace waya alama, domin injin yana harbawa ne bisa jerin 1-3-4-2, idan aka sauya wayoyi biyu sai ya yi ta girgiza. A jera fulogin huɗu a kan allo yadda suka fito, a dube su.

Bakin fulogi mai launin ƙasa ko toka-toka yana nuna lafiya. Baƙi busasshe kamar kunkunniya yana nuna fetur ya yi yawa, ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai danshi da maiƙo yana nuna baƙin mai yana haurowa. Fari fat kamar alli yana nuna zafi ya yi yawa, ko fetur ya yi kaɗan, wannan kuwa shi ya fi haɗari. Idan uku suna da kyau ɗaya ya bambanta, to, kada a taɓa kafireta, gama kafireta ɗaya ce take ciyar da dukan huɗun. Ciwon yana wannan silindar ne: fuloginta, ko wayarta, ko bawul ɗinta. Tsagar bakin fulogi ta zama milimita 0.6. Wajen mayarwa a fara ɗaurawa da yatsu, sai ya shiga lafiya a sa sufana.

Daga nan sai distiribita. A buɗe murfinta a duba cikinsa ko akwai tsaga, ko wani siririn baƙin layi kamar an ja da fensir. Ta nan wuta take gudu, musamman da damina da safiya mai raɓa. A ƙarƙashin rota akwai kwantak, ƙananan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa sau dubbai a minti ɗaya. Sa'ad da suka buɗe iyakar buɗewarsu, tsagar ta zama milimita 0.4. Ana aunawa da siraran ƙarafan awo waɗanda kanikawa suke kira fila geji. Ya kamata kowace ƙungiya ta mallaki nata.

Ga abin da yake faruwa a ɓoye. Kwantak yana da ɗan dunduniya mai gogar ƙarfen da yake juyawa. Idan ba a shafa wa ƙarfen ɗan giris ba, ƙura kuma ta shiga, dunduniyar tana cinyewa kaɗan kaɗan, tsagar tana rufewa. Da tsagar ta ragu sai wuta ta riƙa zuwa a makare. Mota ta yi nauyi, ta riƙa zafi, ta riƙa shan mai. Abin yana zuwa ne sannu a hankali cikin watanni, har direba ya ɗauka tsufa ne. Gyaransa bai wuce aikin minti ashirin ba.

Kusa da kwantak akwai kwandansa, ɗan ƙaramin gwangwani mai waya ɗaya. Idan ya lalace, fuskar kwantak takan ƙone ta yi ramuka, mota ta riƙa fizga idan ta ɗau zafi. A sauya su tare. Amma ku yi hankali da na kasuwa. Jabun kaya sun yi yawa, sabon kwandansa yana iya fin tsohon lalacewa. Saboda haka kada a yar da tsohon sai an ga sabon ya yi aiki. Yanzu akwai 'yar na'urar lantarki da ake sawa cikin distiribita a maimakon kwantak, ba ta bukatar awo. Tana da kyau idan an sami ta gaske. Duk da haka a ajiye tsohon kwantak da kwandansa a cikin mota, domin su ana iya gyara su a daji, ita kuwa idan ta mutu ta mutu.

Duk lokacin da aka taɓa kwantak sai a sake daidaita lokacin wuta, abin da kanikawa suke ce wa taimin. A 404 akwai ƙaramin rami a gidan kuloci. Ana sa ƙarfe mai kaurin milimita 8 a ciki, a juya injin da hannu a hankali har ƙarfen ya faɗa cikin gurbinsa. Daidai nan ya kamata kwantak ya fara buɗewa, ɗan ƙwan fitila na gwaji zai nuna. A tuna a zare ƙarfen kafin a ta da mota. Kanikawa da yawa da kunne suke yi, waɗansu kuwa sun ƙware ƙwarai. Amma idan bayan gyara kun ji injin yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani sa'ad da yake jan kaya a tudu, wuta ta yi gaba da yawa. A koma a rage nan da nan, gama wannan ƙarar tana cin fistin.

Motar da take mutuwa idan ta yi zafi

Wannan ciwo ya isa a yi masa magana dabam, domin yana ruɗa mutane. Mota ta tashi lafiya da safe, ta yi tafiyar rabin awa, sai ta mutu. A zauna a inuwa, ta huce, ta tashi kamar ba abin da ya faru. Har waɗansu sukan fara zargin an yi wa motar ƙungiya sammu. 'Yan'uwa, kada mu bar irin wannan zargi ya shiga tsakaninmu. Abu uku ne sukan kawo haka, ana kuwa iya rarrabe su a bakin hanya, in dai an gwada nan take kafin injin ya huce.

Na farko a buɗe murfin tanki a kasa kunne. Idan aka ji iska ta shiga da ƙarfi, tankin ba ya numfashi. Fetur yana fita, iska ba ta shiga, har famfo ya kasa ja. Wannan yakan faru inda murfin asali ya ɓace aka toshe bakin da leda. Na biyu a zare babbar wayar da ta fito daga kwayil zuwa tsakiyar distiribita, a riƙe ta da busasshen itace kusa da jikin injin, tazarar kaurin fensir, nesa da kafireta, wani ya murɗa makulli. Wuta mai shuɗi mai ƙara tana nuna kwayil lafiya. Idan ja ce marar ƙarfi, ko babu sam, kwayil ko kwandansa ne yake kasawa da zafi. Idan wuta tana da kyau, tanki kuma yana numfashi, to, fetur ne ya tafasa a cikin bututu ko famfo ya zama tururi. A jiƙa tsumma a ɗora a kan famfon. Idan ta tashi, an gane ciwon. Sai a duba ko wani ya bi da bututun mai kusa da bututun hayaƙi.

Mai

Sai an tabbatar da iska da wuta za a zo kan mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayu 2023, kowace lita ta zama abin lissafi, kuma ƙauyuka da yawa a jarka suke saye. A zuba kaɗan a farar kwalba a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa, kowa ya gani. Fetur da aka gauraya da kananzir yakan sa wuyar tashi da ƙarar tsakuwar nan. Ko na gidan mai ba kullum yake da kyau ba: a Fabrairun 2022 hukuma da kanta ta yarda an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima, motoci da yawa suka sha wahala. Idan ciwo ya fara ranar da aka sha mai a sabon wuri, a fara zargin man.

Tsohon tanki yana da tsatsa. Ƙaramar matatar mai ta roba, wadda ake ganin cikinta, a sa ta kafin famfo, tana da araha, tana kuwa hana wahala mai yawa. Famfon kansa yana da wata fata a ciki. Idan ta yage, fetur yakan zube cikin baƙin mai. Alamarsa ita ce baƙin mai yana ƙaruwa da kansa a sandar awo, yana kuma warin fetur. Kada a yi murna. A tsai da motar, a gyara famfo, a juye man.

Kafireta, wadda yawanci Solex ce a motocin nan, ba ta cika sauya kanta ba sai an taɓa ta. Idan mota tana mutuwa a silo amma tana gudu lafiya, ƙaramin jet na silo ne ya toshe, ko iska tana satar shiga ta gaskit na gindin kafireta. Idan tana shaƙewa daidai lokacin da aka taka totur, a leƙa bakin kafireta, injin a kashe, a taka: ya kamata a ga siririn fetur ya fesa. Idan fetur yana malala, allurar da take tsai da shi ta ci, ko abin da yake yawo a kan man ya huje ya nutse. Jet da iska ake hura shi. Kada a zura masa waya ko allura, gama ramin zai faɗaɗa, motar ta riƙa shan mai har abada. Kada kuma a zuba fetur a bakin kafireta ana ta da mota. Wuta takan yi baya ta kama fuska da riga. Zuƙo fetur da baki ta tiyo ma mugun abu ne, yana shiga huhu.

Sa'ad da ciwon yake ciki da gaske

Kafin a yanke hukunci a auna tsagar bawul, injin a sanyi: milimita 0.10 ga bawul na shiga, 0.25 ga na fita. Bawul da ya matse ba ya rufewa sosai, matsi ya tsere, daga baya ya ƙone. Bayan haka a nemi bakanike mai agogon auna matsi. Lambobin silinda huɗun su zama kusa da juna. Idan ɗaya ta faɗi, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. Idan lambar ta tashi, ringi ne. Idan ba ta tashi ba, bawul ne, wannan kuwa kan injin kaɗai za a cire, ba sai an sauke duka ba. Idan biyu maƙwabta suka faɗi tare, gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne yake ƙonewa. Farin hayaƙin da ba ya tsayawa bayan injin ya ɗumama, ga ruwan lagireto yana raguwa, ruwa ne yake shiga silinda.

Zafi ne babban maƙiyin kan alminiyom, yakan lanƙwasa shi. A riƙa duba fanbel, a wanke ƙaiƙayi da ciyawa daga fuskar lagireto da kaka. A waɗansu motocin fanka ba ta kamawa sai ruwa ya yi zafi, lantarki ne yake kama ta, saboda haka a tabbata tana kamawa. Idan mota ta tafasa, kada a buɗe murfin lagireto, kada kuma a kwara mata ruwan sanyi. A jira.

Idan awo ya nuna dole a buɗe, ga abin da ya kamata wakilan ƙungiya su sani. Silindar injin Fijo hannun riga ce da ake zarewa, ruwa yana kewaye ta. Ana sayen hannun rigar da fistin da ringi a haɗe, ba sai an kai injin wurin gurza ba. Amma wajen cire kan injin ba a ɗaga shi sama kai tsaye, ana fara gusar da shi gefe domin kada ya taso da silindar. Ba a kuma juya injin sai an danne su, in ba haka ba abin da ya toshe gindinsu ya saki, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Ku tambayi bakaniken yadda zai yi wannan. Amsarsa za ta nuna muku ko ya san Fijo.

Game da kanikawa, muna da ra'ayi. Idan sai ya sa sabon kaya ake biyansa, to, sabon kaya zai sa. Ku biya shi ladan bincike dabam, ko da abin da ya gano waya ce ta kwance, gama ma'aikaci ya cancanci hakkinsa. Ku ce masa ya sauya abu ɗaya ya gwada kafin ya taɓa na biyu. Idan za a je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano sayen kaya, mutum biyu su tafi, su riƙe tsohon kayan domin gwadawa, su kawo rasit wurin ma'aji.

Motar ta kasance da direba ɗaya da littafi ɗaya. A littafin a rubuta ranar da aka sha mai, lita nawa, inda aka je, da duk abin da aka sauya. Ko agogon tafiya ya mutu, kun san nisan kasuwarku. Idan zuwa da dawowa yana cin lita 10 a da, yanzu ya koma 13 da kaya iri ɗaya, littafin zai faɗa muku tun kafin motar ta tsaya a hanya da kwandunan tumatir a rana. Sakatare ya riƙa karanta shi a taron wata. Wata guda kafin girbi kuma a keɓe Asabar ɗaya, direba da bakanike da matasa biyu masu son koyo su bi matata, da fulogi, da kwantak, da bawul, sa'an nan su sa fanbel ɗaya, kwandansa ɗaya da fulogi biyu a akwatin bayan kujera.